Zanen Goggo a Bakin Taga

Goggo mai ɗinkin labule ce, mace mai surutu da tsokana, har almakashi takan yi wa faɗa idan ya ɓuya. Da mijinta ya rasu sai ta lulluɓe keken ɗinkin da tsumma, ta koma zaman bakin taga. Yamma ta daina wucewa. Sai ta ji kamar ta wuni a zaune, ta ɗaga kai ta ga hannun agogo ko gusawa bai yi ba.

Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Saura ɗan ƙanenta da take kira Dogo, mai karatun zane a jami'a. Kullum sai ya zo da allo da fenti.

"Goggo, bari in zana ki. Hannu kawai nake koya, ba mai gani."

"'Yan matan garin sun ƙare ne, sai tsohuwa?"

Yana zane yana tambaya. Yaya marigayi yake sallama idan ya shigo? Wace riga ya sa ranar asibiti? Kowa cewa yake ta yi haƙuri. Dogo kaɗai ke cewa ta ci gaba, ita kuwa har tanadin labari take yi masa.

Sannu a hankali ta warware, keke ya koma ƙara. Rannan wata mai karɓar labule ta ce ta ga zanenta a bango, a zauren baje kolin jami'a. Goggo ta yafa mayafi ta tafi.

Ga zanen fuskarta nan, girmansa ya kusa na ƙofa, idanu a kumbure. Mutane na wuce sauran zanuka, sai a gaban nata suke cijewa. Wata ta ce wa ƙawarta, "Yanzu na tsaya, amma ji nake kamar na daɗe."

Dogo na yi wa malaminsa bayani, bai lura da ita ba.

"Wahalar, Malam, fuskar ba ta tsayawa. Da ta fara sakewa sai in jefa mata tambaya kan mamacin, nan take ta dawo."

Ya juyo, suka haɗa ido. Goggo ta gaida malamin da ladabi.

"Dogo, ranar da ka tambaye ni maganarsa ta ƙarshe, ina kake zanawa a fuskata?"

Ya sunkuyar da kai. "Bakin ne, Goggo."

Ta matsa kusa, ta daɗe tana duban bakin.

"Ya fito kuwa," ta ce, ta nemi hanyar fita.