Kusurwar Mayafin Inna

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Nasiru, kuma har yau idan la'asar ta yi sakaliya ba na iya zama wuri ɗaya. A wannan lokacin kaɗai yake ɗaukar fim. Yakan ce ranar tsaka tana tona asirin kamara mai araha. Sai ya kwashi abokansa a moto, wato babur, zuwa bakin kogi wajen Tunuga, su yi ta jira har haske ya yi laushi.

Burinsa hoton ya fito kamar na tsohuwar sinima, da ɗan hazo-hazo. Kuɗin sayen irin wannan kamarar babu. Sai ya yanki kusurwar baƙin mayafin Inna, ya ɗame ta a bakin gilashin kamara da roba. Inna ta ga ɓarnar, ta ɗora wa ɓera laifi.

Yanzu kowa a Gaya yana ɗaukar bidiyo da waya, daga ƴan lakwal ɗinmu, wato makaranta, har direbobin da ke jiran layi a duwan, wurin kwastan. Hoto tar, har gumin goshi ana gani. Da yana nan, zai yi murna ne ko zai yi tsaki? Na kasa yanke hukunci.

A duk abin da ya ɗauka, sau ɗaya ya fito. Akuya ce ta shigo cikin hoton, ya zagayo daga bayan kamara ya kore ta, ya waiwayo yana dariya. Fuskarsa na cikin hazon nan. Wannan ɗan guntun Inna take sa in kunna mata, tana matso da ido.

Watan jiya Sani, abokin aikinsa, ya zo gaisuwa. "Inna, yanzu waya tana wanke hoto. Za ki gan shi sarai."

Ta amince. Ni kuwa a wannan makon karatu ya gagare ni. In aka wanke, an goge abin da Yaya ya sha wahala a kansa. In na hana, na hana uwa ganin ɗanta. Sai kai da kawowa nake ta yi a tsakar gida.

Sani ya dawo da shi. Fuska sumul, wushiryarsa ta toshe, tabon girarsa ya ɓace. Inna ta daɗe tana kallo.

"Kyakkyawan yaro," ta ce. "Ɗan waye?"

Aka mayar mata da na dā. Ta nuna allon da yatsa. "Auta, wai wannan duhu-duhun na mene ne?"

"Mayafinki ne, Inna."

"Ashe ɓeran ke nan!"

Ta yi dariya har ta rufe fuska da mayafin, ba ta buɗe da wuri ba.

Yaya bai gama fim ɗinsa ba, bai bar suna a ko'ina ba. Abin da ya bari shi ne kogi, akuya, da dariyarsa, duk ta cikin zaren mayafin uwarsa. Allah ya jiƙansa. Mayafin yana nan, Inna ta hana a ɗinke kusurwar.