Mai Riƙe Ɗaya Bakin Zanin

Shekara ashirin da shida Uwar Wanki ta yi a ɗakin wankin asibiti, goma sha ɗaya daga ciki tana shugabantar mata tara. Ba ta da faɗa, dariyarta ma sai an yi da gaske. Da goyo a baya ta shigo aikin, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, kuma wadda ta koya mata ninke zanin gado ita ce dattijuwar da kowa ke kira Yaya.

A ɗakin nan mutum ɗaya ba ya ninke zani. Kowace ta kama bakinta, a ja, a kaɗa, a tako a haɗu a tsakiya, hannu ya taɓa hannu. Kowace mace da abokiyar ninkinta, ta Uwar Wanki kuwa Yaya ce tun ranar farko. Shi ya sa ita kaɗai ta san idon Yaya ya kusa tafiya. Shekara uku tana ɗan jan zanin hagu ko dama don ta nuna mata hanya, ba ta taɓa furtawa ba.

Sai aka kawo injin guga da ninki. Manaja, mutumin kirki amma mai gaggawa, ya ce daga Litinin mace ɗaya za ta riƙa tsayawa gaban inji, tana duba fitilu tana danna maɓalli. Matan suka tsorata. Da aka soma koyo, Uwar Wanki ce ta fara tsayawa, ta yi ta kuskure a gabansu har suka yi mata dariya, tsoron ya ragu.

Amma maganar Yaya ta tsaya mata a rai. In ta yi shiru, wata rana hannun dattijuwar zai shiga ƙarfe mai zafi. In ta yi magana, ta tona asirin wadda ta rufa mata nata, wataƙila ma a sallame ta.

Ranar gwaji injin ya kama wani zani mai 'yar ɓula, ya keta shi har ƙasa. Uwar Wanki ta ɗauki ketaccen zanin ta wuce ofis.

"Ranka ya daɗe, akwai wadda yatsunta ke jin ɓula tun ido bai gani ba. A ba ta kujera a bakin ƙofa, kowane zani ya bi ta hannunta."

"Me zai hana ta aiki a inji?" in ji Manaja.

"Yaya ce. Ba ta gani sosai."

Manaja ya amince. Kafin a tashi aiki, maganar ta zaga ɗakin.

Ranar Asabar ita da Yaya suka ɗauki zanin ƙarshe da za a ninke da hannu. Suka ja, suka kaɗa, suka tako.

"Yaya, ni ce na faɗa. Ki yafe mini."

"Na sani, ƙanwata. Shekara uku kina ja na kamar akuya, kin zaci ban ji ba?" Ta yi 'yar dariya, sannan muryarta ta yi ƙasa. "Kujerar ba ta dame ni ba. Sai dai daga Litinin ba mai takowa wurina mu haɗu a tsakiya."

Baƙin ciki ya cika Uwar Wanki. Zanin ya ninku, sauran matan har sun fara ɗaukar jakunkunansu, ita kuwa ba ta saki hannun Yaya ba.