Rediyon Labbo Zurmi Yana Hannunmu Har Yanzu

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar Baba, a Kaura Namoda, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Ranar rabon gado malam ya kasafta komai, har buta da tabarma. Da ya zo kan rediyon sai ya janye hannu, ya dube ni ya ce, "Wanga amana ce, ba ta shiga gado. Kai ne babba, ɗauka."

Akwatin ƙarfe ne mai launin kakin soja da maɗaurin fata, irin wanda aka ƙera wa sojojin da ke yaƙi a ƙetare. Wani Bature ne ya bar wa Labbo, abokin Baba a yaƙin Bama. Zazzaɓi ya kwantar da Labbo ana shirin dawowa gida. Ya baro matarsa da ciki, don haka abin da ya iya ce wa Baba kawai kafin ya cika shi ne, "Ka kai ma abin da ta haifa."

Matsalar ita ce, soja ba ta rubuta sunan uba a lokacin. Sunanka da garin da ka faɗa, shi ke nan. Labbo Zurmi. To, Labbo nawa ne a ƙasar Zurmi, kuma wane ƙauye? Baba ya yi shekara hamsin yana bin kasuwanni, Shinkafi, Moriki, Zurmi, yana tare tsofaffi da tambaya. Mu kuwa haushi muke ji, ga rediyo a ɗaki amma sai mun je maƙwabta jin labarai. In mun matsa ya ce, "Ba nau ba na."

Da aka ba mu jiha ya yi murna kamar shi aka naɗa gwamna, wai gwamnati ta matso kusa. Ya saɓa rediyon zuwa Gusau. A wani ofis aka ba shi kujera da ruwa, aka ce takardun sojan Turawa ba su zo nan ba.

Bara wani dillalin shanu daga Moriki ya ce mini akwai wata tsohuwa a wani ƙauye gaba da Birnin Tsaba, ana ce mata 'Yar Soja, ubanta bai dawo daga yaƙi ba. Na goge rediyon, na naɗe shi a zane, na je tasha. Direba uku suka ƙi hanyar. Na huɗu ya ce, "Alhaji, ko ka biya ni kuɗin motar ba ni zuwa." Kafin kaka aka ce 'yan bindiga sun tashi ƙauyen, ba wanda ya san inda tsohuwar ta nufa.

Da Baba yana raye na san da ƙafa zai tafi, kuma wannan ne ke ci mini rai. Abin da ya rage nasa ke nan, alkawarin da bai ci ba, bai kuma cika ba. Allah ya jiƙan ka, Baba, ka yafe mini. Ka tsallako teku da kayan mutane, ni tafiyar rabin wuni ta gagare ni.