Turaren da Kakata Ta Ɓoye Ciwo da Shi

Har yau in na shiga ɗakin da aka yi turaren wuta, ba na iya daɗewa a ciki. Kowa yana jin ƙamshi, ni kuwa abin da ke ƙarƙashinsa nake ji. Bari in gaya maka dalili, ko da yake ba labarin daɗi ba ne.

A gidanmu na Illela, tun da aka yaye ni aka ba kakata ni, mahaifiyar babana. Ɗakinta nake kwana, ni ke ɗebo mata ruwa, ni ke cuɗa mata baya. Bafulatana ce daga wajen Tozai, babana kuma shi ne ɗanta na fari. Ka san yadda abin yake. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In ya durƙusa bakin ƙofa gaisuwar safe, sai ta juya fuska bango ta amsa da kalma ɗaya. Duk abin da take so a wurinsa, ni take aika. Matan unguwa kuwa sai yabo, wai irin kunyarta ta ƙare a duniya.

Wata bazara mai zafin tsiya, ina da shekara goma sha ɗaya, ina cuɗa ta a bayan ɗaki, sai hannuna ya taɓa wani ƙullutu a gefen nononta na hagu. Bai wuce ƙwallon dabino ba, amma da tauri. Ta cafke wuyan hannuna.

"Mi kig gani?"

"Ba komi, Kaka."

"To, ba komi. In ubanki ya ji daga bakinki, ban yafe ba."

Na yi shiru, wallahi na yi shiru. Ba ya mata ciwo, tana dakanta, tana sallarta, to me yarinya za ta ce? Kuma kada ka ɗauka rashi ne. Babana ɗan kasuwa ne, yau yana Ƙonni, gobe motarsa tana kan hanyar Sakkwato. Kujerar gaba kullum babu kowa a kai, kai ta asibiti ba abin wahala ba ne.

Da damina ta sauka, abin ya kai goriba. Goggona ta leƙa ta ce ciwon daji ne, kuma daji ba ya son allura, in ƙarfen asibiti ya taɓa shi sai ya haukace. Aka samo sassaƙe daga wani mai magani a Araba, ana jiƙawa tana sha, ana kwaɓa gari da man shanu ana shafawa. Duk matan gidan sun sani. Babu wadda ta buɗe baki, don a cewarsu maganar nonon uwa ba ta ɗa ba ce.

Bayan girbin gero, ƙullutun ya fashe, ya soma wari. Nan turaren ya shigo. Da asuba ni ke hura mata garwashi a kasko, ta barbaɗa, hayaƙi ya cika ɗakin kafin babana ya zo gaisuwa. Wata safiya ya yi murmushi ya ce, "Ɗakin Inna sai ƙamshi." Daga ranar, duk dawowarsa daga Ƙonni sai ya riƙo mata tsarabar turare mai tsada, ya ba ni in miƙa. Kaico! Da hannunsa ya riƙa kawo abin da ake rufe masa ido da shi.

Sai da ta faɗi a tsakar gida sannan aka sa ta a motar. Likita ya duba, ya tambaya tun yaushe. Goggo ta sunkuyar da kai. Ni na ce tun bazarar bara. Ya ce da an zo yana ƙarami da akwai abin gwadawa, yanzu ya riga ya bi jiki. Babana bai doke ni ba, da ma dukan ya yi. Ya dube ni kawai ya ce, "Har ke?"

Ba ta ga wata damina ba. A zaman makoki ina jin mata suna cewa, "Allah sarki, ta tafi da kunyarta." Na sani kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma wannan yabon har gobe yana ƙona min rai.

Yanzu na haura hamsin. Ana ta faɗa a rediyo tsofaffi su je a duba su tun ba su ji ciwo ba, amma har yanzu ina shiga ɗakunan sa'o'ina in ji turare ya yi yawa, sai in soma tambayar lafiyar mai ɗakin. Bara, ina wanka, na ji wani ɗan tauri a jikina. Ban tsaya neman ɗan aike ba. Na fita tsakar gida na kira ɗana na fari da sunansa, da ƙarfi, na faɗa masa inda abin yake, na ce ya tada mota. An cire shi tun yana ƙarami.

Goggo tana nan da ranta, ta tsufa tukuf. Da labari ya kai mata, cewa ta yi ba ni da kunya. Na ce mata haka ne, Goggo, tare da Kaka aka binne kunyata.