Shatin Bindiga a Kuncina

Ubana maƙeri ne, kuma bindigar toka yake ƙerawa. Da wannan na fara, saboda na daɗe a Landan ba a bar ni na faɗa ba.

Da bututun famfo yake yin ta, ya sassaƙa mata gindi na ice, maharban ƙauyukanmu su zo su saya. Ni ce mai dakan albarushi. A zuba gawayi da farar wuta da sauran haɗin a turmi, a yayyafa ruwa don kada ya tashi, in yi ta daka har hannuna ya yi kanta. Amma ko sau ɗaya bai ba ni na harba ba, wai ba aikin mata ba ne. In zai gwada sabuwa, sai ya miƙe hannu ya nesanta ta da jikinsa, ya kawar da kai gefe, sannan ya ja kunama. Duk maharbanmu haka suke yi, don bututun famfo ba shi da amana, in ya ga dama sai ya fashe a fuskar mutum.

Mijina ma'aikacin gwamnati ne. Da kuɗin fetur suka ɓarke aka shiga tura ma'aikata kwas Ingila, shi ma rabonsa ya zo, muka sauka a Plumstead, wata unguwa a Landan. Tun a jirgi ya ce mini in an tambaya, in ce surukinsa ɗan kasuwar ƙarfe ne. Na ce to, ba don na so ba. Ran Asabar matan abokan aikinsa sukan shiga gari sayen leshi da gwal da akwatunan da za a zuba su. Na bi su 'yan lokuta. Ban da ciwon ƙafa babu abin da na samo.

Maƙwabcinmu wani tsohon Bature ne da ya yi ritaya, shi da matarsa. Wata rana ina shanya a bayan gida sai wani wari ya tsallako shinge, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na saki zanin da ke hannuna. Albarushi! Na leƙa, ga tsoho yana wanke cikin wata doguwar bindiga da ruwan zafi. Wallahi sai da hawaye ya zo mini. Da ɗan Turancina na kame-kame na gaya masa ko 'yar wane ce ni. Ya ce suna da kulob a wani fili wajen gari, inda suke harba bindigogin kakanni, irin waɗanda ake ɗurawa ta baki. Matarsa ta ce in zo mu tafi tare. Maigida ya yarda, a zatonsa rakiya ce, Turancina zai gyaru.

Da aka miƙo mini bindiga ban jira koyarwa ba. Na auna albarushi na zuba ta baki, na sa ƙyalle da dunƙulen dalma, na danna da sanda har ƙasa. Sai na miƙe hannu na kawar da kai, yadda na ga Baba yana yi. Tsohon ya daka mini tsawa. Ya ce wannan ƙarfen an gwada shi, ba zai fashe ba, kuma a nan ba a harba abin da ba a kallo. In ɗora kuncina a kan icen, in buɗe ido.

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Amma na ɗora. Tartsatsi ya tashi dab da hancina, ƙara ta cika mini kunne, hayaƙi ya rufe komai. Da ya washe sai na ji ina dariya ni kaɗai kamar mahaukaciya. Tun ranar Asabar ta zama tawa.

Matsala ɗaya ce. Gindin bindigar an sassaƙa shi ne don ƙaton namiji, duk harbin da na yi sai ya mare ni a kunci. A hankali wani baƙin shati ya fito a ƙasan idona, hoda ta kasa rufe shi. Maigida ya ce in daina. Na ce to, ran Asabar na sake tafiya.

Ana haka aka gayyace mu suna a unguwar Catford, gidan shugaban mijina a wurin aiki. A cikin bas ya dubi fuskata ya ce, "In an tambaye ki, ki ce ƙofa kika buge."

Na ce, "Haba Malam! Wace mace ce ba ta san abin da ƙofa ke nufi ba? Cewa za a yi kai ka mare ni."

Ya juya yana kallon titi ta taga. Ya ce, "Gara a ce haka."

Mutumin nan ko yatsa bai taɓa ɗaga mini ba. Amma ya gwammace a kira shi mai dukan mace da a san matarsa 'yar maƙera ce mai harba bindiga. Raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa ji ba.

A kicin mata sun cika, ana tuƙa tuwon shinkafa. Hajiya matar gidan ta kamo haɓata ta juya ni wajen haske. Ta ce, "Ƙanwata, me ya same ki haka?"

Kafin in buɗe baki wata ta ce, "Sai haƙuri, 'yar'uwa, duk haka muke zaune." Wata daga baya ta ce, "Ikon Allah, ka gan shi shiru-shiru, ashe!"

Ai kuwa na fizge muciya daga hannun mai tuƙi, tuwo na ɗiga. Na kafa gindinta a kafaɗa, na kwantar da kuncina a kanta, daidai kan shatin. Na ce, "Ku duba da kyau. Bindiga ce. Duk Asabar nake harba ta. Ubana maƙerin bindiga ne, ni na daka masa albarushi tun ban kai tsawon taɓarya ba."

Aka ɗauki salati. Hajiya ta ce, "A'uzubillahi! Mace da bindiga? Ki rufa wa mijinki asiri ki bar abin nan."

Na ce, "Asirinsa na rufa yanzu, Hajiya, don bai taɓa dukana ba. Bari kuwa, ba zan bari ba."

Ƙofar kicin a buɗe take, falon da maza ke zaune kuma yana manne da shi. Babu wanda bai ji ba.

Daga ranar ba a ƙara kirana zuwa sayayya ba, sunan da aka yi bayan nan ma a bakin wasu na ji. Ya yi mini zafi, don a garin nan mai sanyi su ne kaɗai masu jin harshena. Maigida kuwa ya yi kwanaki ba ya ce mini komai sai gaisuwa.

Asabar ta zo, na sa kwat na ɗaura ɗankwali. Yana zaune a falo da jarida. Na ce, "Malam, na tafi." Na tsaya ina jira ya hana ni, na riga na shirya amsa. Bai hana ba. Kansa kawai ya kawar gefe, wajen bango, sak yadda Baba yake yi in zai ja kunama.

A filin na ɗura, na danna, na ɗaga. Icen ya sauka a kan shatin, zafi ya ratsa ni har cikin haƙora. Na ƙara manna kuncina, na buɗe ido, na ja. Ni ban kawar da kai ba.