Dada Hajara da Kwanon Rifkatu

Ina cikin aji a Sangere, alli a hannuna, yayana Hamma Bello ya kira ni. Ba ya kiran mutum a lokacin aiki, don haka tun kafin in ɗauka na san ba lafiya ba. Ya ce, "Adama, Dada ta cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kama hanyar Yola Gari ina kuka, kuma ba mahaifiyata kaɗai nake yi wa kukan ba.

Abu biyu aka san Dada Hajara da su a unguwarmu, ciyarwa da gaskiya. Lokacin da 'yan bindiga suka koro mutanen Michika da Madagali suka cika Yola da kumburarrun ƙafafu, ta buɗe musu zaure da ɗakunanmu. In muka ce bari mu san ko su waye, sai ta ce, "Ku zuba musu tukuna, tambaya daga baya." Ƙarya kuwa ko ta wasa ba ta yi. Takan ce, "Ba ni da ƙwaƙwalwar riƙe ƙarya, shi ya sa ba na yin ta."

Cikin waɗanda ta saukar akwai Rifkatu, Kirista 'yar Michika da aka kashe mijinta a hanya. Da ƙura ta lafa kowa ya koma gida, ita ta zauna. Dada ta ware mata wani kwano shuɗi, ba mai ci a cikinsa sai ita.

Da mantuwa ta kama Dada, Rifkatu ce ke yi mata wanka, ita ke tuna mata ta riga ta yi azahar. Mu da ta haifa sai Juma'a ake ganinmu. Daga baya Dada ta fara ganin mutanen da ba mai ganinsu. Da rana tsaka za ta ce ga mata da goyo a bakin zaure, a kai musu abinci. Muka ce aljanu ne, aka yi ta ruƙiyya da hayaƙi. Wata Juma'a kuma ta ture kwanonta, ta dube mu a natse ta ce, "Rifkatu tana zuba mini guba. Na gan ta da idona."

A gidanmu ba a bincikar maganar Dada. Shaidarta ta sha kashe rigima a unguwa. Ban da haka, bakinmu ba zai iya furta cewa hankalin uwarmu ya taɓu ba, kunya ba za ta bar mu ba. Ɗora wa baƙuwa laifi ya fi mana sauƙi. Rifkatu ta durƙusa ta cinye abincin nan a gabanmu, tana ce mini da gurguwar Hausarta, "Adda Adama, duba, na ci. Dada shi ne uwana, yaya zan kashe shi?" Duk da haka muka sallame ta, ni na ɗaure mata kayanta. Ban ma tambaye ta inda za ta nufa ba.

Ba a daɗe ba Dada ta nuna ni da yatsa, ta ce ni ce mai gubar. Sai a ranar muka kai ta asibiti. Likita ya nuna mana hoton ƙwaƙwalwarta, ya ce wasu sassa sun motse, har da waɗanda ke taimaka wa mutum ya bambance abin da ya faru da abin da ya ɗarsu masa a rai. Ya ce ba ƙarya take yi ba, a wurinta ta gani ɗin, kuma sau da yawa mai jinyar ake zargi. Hamma ya fita waje, ni kuwa Rifkatu ce ta faɗo mini a rai.

Mun nemi Rifkatu a majami'un Jimeta, mun tambaya a tasha, Hamma ya je har Michika. Lambarta ba ta shiga. A watannin ƙarshe Dada ta manta sunayenmu duka, amma kullum aka kawo abincin rana sai ta ce, "Ina Rifkatu? Ku ajiye mata nata." Mukan ce ta je kasuwa. Haka muka yi ta yi wa matar da ba ta ƙarya ƙarya, har ta rasu.

Ya Allah, Ka ji ƙan Dada, Ka haskaka kabarinta, Ka saka mata da kowace loma da ta ciyar. Abin da ta faɗa cikin cuta Kai ne shaida ba ta da alhakinsa, mu masu hankali ne muka ɗauke shi. Ka ba mu haƙurin rashinta, Ka yafe mana, kar Ka ɗauki ranmu da haƙƙin baiwar nan a wuyanmu. Wanda duk ya san inda Rifkatu take, don Allah ya gaya mata Dada ta rasu tana kiran sunanta, kuma kwanonta shuɗi yana nan, ba wanda ya ci a ciki.