Tsohuwar da na kama sunanta

Shekarun baya, ina aji biyar na firamare a Gumel, yayata ta aro wani littafin ban tsoro a wurin ƙawarta. Ɗan ƙarami ne, bangon ya sha hannu har ya yi laushi, an zana wata tsohuwa mai jan ido tana leƙen yarinya ta kan katanga. Mahaifinmu ya hana karanta irin waɗannan littattafai a gidansa, ya ce duk wadda ya kama da su jikinta zai gaya mata. Ni kuwa uwar rawar kai, sai na zare shi daga ƙarƙashin katifar yayata, na laɓe a bayan rumbu, na karance shi tas cikin yini biyu.

Labarin wata tsohuwa ne da ake cewa mayya ce, yaran ƙauyensu suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar ko da rana tsaka ba na iya shiga banɗaki sai da ɗan rakiya. Abin da ya ƙara dagula min lissafi, muna da maƙwabciya tsohuwa mai daddawa, mijinta ya rasu, daga ita sai 'yarta ɗaya. Kullum idonta ja saboda hayaƙin dahuwar kalwa. Shi ke nan, duk inda marubucin ya ce "tsohuwar", fuskarta nake gani. Matar da ke cika min hannu da aya in an aike ni gidanta, na koma in na hango ta sai in sake hanya.

Ana cikin damina zazzaɓi ya kwantar da ni. Wata rana bayan la'asar jikina ya yi zafi har na fara sambatu. Aka ce ihu nake ina nuna bakin ƙofa: "Ga ta nan! Ku riƙe ta, Iya mai daddawa za ta kama ni!"

A unguwarmu a lokacin, in mara lafiya ya kama sunan mutum, magana ta ƙare. Kafin magariba gidanmu ya cika. Aka je aka taso ta, ko mayafi ba ta yafa daidai ba, aka ce ta tsallaka ni sau uku ta sakar min kurwa. Wannan kam na tuna, domin na buɗe ido na ga ƙafafunta a kaina. Tana kuka tana cewa, "Wallahi ban san komai ba. Yarinyar nan a gabana aka haife ta." Ta dai tsallaka.

Da yammar nan mahaifina ya dawo daga kasuwar Maigatari, ya saɓe ni sai asibiti, aka yi min allura. Kwana uku na miƙe ina neman tuwo. Ba wanda ya ƙara zancen allura, kowa cewa yake, "Kun gani ko? Tana tsallakawa ta saki."

Ni kuwa da na dawo hayyacina na san sarai daga ina abin ya fito. Amma in na faɗa, zancen littafi zai tashi, bulala za ta biyo baya. Sai na ja bakina na yi gum. Aka daina sayen daddawarta, yara suka riƙa watsewa in ta fito. Kafin a gama girbi ta kwashe kayanta da 'yarta suka koma wurin danginta a Ɗanzomo.

Fiye da shekara ashirin bayan nan, ina goyon ɗana na biyu, na zo gida ganin mahaifiyata. Ɗakinta ya yi yoyo, muna fitar da kaya muna shanyawa, sai ga littafin nan a tsohuwar akwatin yayata. Ashe baiwar Allah ba ta taɓa mayar wa mai shi ba! Na zauna a inuwa na buɗe, niyyata in yi wa kaina dariya.

Dariyar ba ta zo ba. Tun daga shafin farko har na ƙarshe, babu inda wani ya ga tsohuwar ta yi wani abu da idonsa. Komai "an ce", "wance ta ji". Duk yaron da zai mutu, sai marubucin ya fara nuna shi yana shan ruwan tafkin da ake shayar da dabbobi. Akwai wurin da tsohuwar ta dama kunu ta kai gidan makoki, aka mayar mata da kwanonta ba a ko buɗe ba. Ina yarinya na ɗauka guba ta zuba, har ina murna an gane ta. Yanzu da na karanta wurin sai na ga kunu ne kawai ta kai. Marubucin nan ya shimfiɗa komai a fili, ni ce na karanta da idon 'yan ƙauyen.

Na je na durƙusa gaban mahaifiyata na zayyana mata komai. Ta saki tsintsiyar hannunta.

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? Ni fa na riƙe hannunta na ja ta har kanki."

"Umma, tana da rai?"

"Oho. Rabona da labarinta an daɗe. Tun a lokacin ma ai ta manyanta."

Washegari da safe muka shiga mota. Ban taɓa jin hanyar Ɗanzomo ta yi min nisa irin ranar ba. Abu ɗaya ke yawo a kaina: in mun tarar ta rasu fa? Wa zan gaya wa? Muna shiga layin da aka kwatanta mana na hango maza zaune a kan tabarmi a ƙofar wani gida, na tsaya cak, na ɗauka zaman makoki ake. Sai da mahaifiyata ta dafa ni ta ce, "Ke, dubi ragon can a ɗaure. Suna ake."

Gidan su Iya yana gaba kaɗan. 'Yarta ce ta amsa sallama, tana gane mahaifiyata ta ɗaure fuska. Tsohuwar tana zaune a kan 'yar tabarma can gefe guda, yara suna wasa a ɗaya ɓangaren tsakar gidan. Ta ƙanƙance, idon ma ya yi rauni. Na durƙusa na faɗa mata ko ni wace ce, na faɗi zancen littafin, da allurar, da shirun da na yi don tsoron duka.

Ta ce, "Littafi?"

"Littafi, Iya."

"Kuma allura aka yi miki kika tashi?"

"Allura ce, Iya. Ki yafe min don Allah."

Sai ta sauke wani dogon numfashi. Ta ce, "'Yar nan, da na ji kin warke bayan na tsallaka ki, ni kaina sai na ce to ko gaskiya ne. Ko ina da abin nan ban sani ba. Shi ya sa tun da aka fara haifa min jikoki ban taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. Ina tsoron in cuce su."

Mahaifiyata ta fashe da kuka. Ni ban san sa'ad da na kwance goyona ba. Na miƙa mata yaron, ta janye hannuwanta da sauri ta ɓoye a cikin zane. Na ce, "Iya, riƙe min shi, bayana ya gaji." Na ɗora mata shi a cinya. Ta sandare kamar an aza mata garwashi. Yaron ya kama ɗan yatsanta ya kai baki, sai ta fara jijjiga shi a hankali, hawaye na bin fuskarta.

Ta ce ta yafe, har sau uku. Mahaifiyata ma da muka koma ta bi gidajen unguwa ta faɗa wa waɗanda suka rage gaskiyar lamarin. Amma har yau in na ji ana cewa "an ce wance kaza", ba na iya yin shiru. Littafin yana nan a wurina, ban ƙara buɗe shi ba.

Damina biyu Iya ta ƙara a duniya. Da muka je gaisuwa, 'yarta ta ce min a wannan tsakanin ba ta yarda a sauke mata ƙananan jikokin daga cinya, ko abinci take ci. Babbar jikar ce ta kawo mana ruwa, matar aure har da goyonta. Ta ajiye kofin ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce, "Ni na tashi ina zaton Iya ƙina take yi."